Tallafin karatu ga masu son aikin jakadanci a Amurka: tambayoyin ɗalibai da na iyaye

Gwamnatin Amurka tana da shirye-shiryen da take biya wa ɗalibi kuɗin karatu, ta horar da shi, in ya gama ta ɗauke shi aikin jakadanci. 'Ya'yan Hausawa da suka tashi a can, in 'yan ƙasa ne, suna da haƙƙin nema kamar kowa, sai dai da yawa ba sa jin labarin sai lokaci ya ƙure, ko kuma su ji shi rabi-rabi. Adadin kuɗin da ke ƙasa na zagayen 2023 da 2024 ne. Sanarwar shekarar da za ka nema ita ce abin dogaro, domin ka'idojin suna sauyawa.

Akwai tallafin da ke biyan digiri na farko kai tsaye, sannan ya kai mutum ga aikin jakadanci?

Akwai, amma ƙofar ta ƙuntata fiye da da. Shirin da aka fi sani shi ne na Thomas R. Pickering, wanda aka fara a 1992. Daga baya aka sa masa sunan wani gogaggen jakada da ya wakilci Amurka a Najeriya daga 1981 zuwa 1983, ya kuma riƙe Isra'ila da Indiya da Rasha da Majalisar Ɗinkin Duniya. A da shirin yana da reshe biyu. Ɗaya na masu digiri na farko ne, waɗanda ke nema a shekara ta uku, a biya musu shekarar ƙarshe da shekarar farko ta digiri na biyu. An rufe wannan reshen. Har yanzu akwai tsofaffin shafuka a intanet da ke tallata shi kamar yana nan, abin da ke sa ɗalibai ɓata lokaci suna neman fom ɗin da babu shi.

Yanzu Pickering na digiri na biyu ne kaɗai, haka ma takwaransa na Charles B. Rangel da aka kafa a 2002. Jami'ar Howard da ke Washington ce ke gudanar da su a madadin Ma'aikatar Harkokin Waje. Duk da haka, a farkon shekarar ƙarshe ta digiri na farko ake neman su, don haka ɗan aji biyu ya kamata ya san da su.

Wanda ya rage yana biyan digiri na farko shi ne FAIT, na masu karatun kwamfuta da fasahar sadarwa. Ana nema a shekara ta biyu, a biya shekara ta uku da ta huɗu, har dala 43,500 a kowace shekara, kuɗin makaranta da na masauki da littattafai duk a ciki. Mutum kimanin 15 ake ɗauka a shekara, har da masu digiri na biyu. Wanda ya kammala yana shiga ma'aikatar a matsayin jami'in fasaha: shi ne mai kula da na'urori da layukan sadarwar sirri a ofisoshin jakadanci. Fasfo ɗinsa na jakadanci ne, yana zagaya ƙasashe kamar sauran, amma tattaunawar siyasa ba aikinsa ba ce. Ɗalibin kwalejin unguwa ta shekara biyu da ke shirin komawa jami'a shi ma yana iya nema.

To ɗan digiri na farko da ba kwamfuta yake karanta ba, me zai nema?

Ƙananan tallafi, waɗanda in aka haɗa su suke gina takardar neman babban.

Na farko shi ne shirin bazara na Rangel: mako shida a Jami'ar Howard, daga Yuni zuwa Yuli. Ana biyan kuɗin darussa da na jirgi da masauki da abinci, a kuma ba da alawus sama da dala 3,000. Ɗalibai suna yin darussa kan manufofin Amurka a waje da tattalin arziƙi da rubutu, ana kai su su gana da jami'an ma'aikatar da na majalisar dokoki. Mutum 15 zuwa 20 ake ɗauka, ana rufe nema a farkon Fabrairu, kuma sai ɗalibi ya kai shekara ta biyu. Ba a ɗaure kowa da alkawarin aiki.

Tallafin Gilman na zuwa karatu ƙasar waje ne, har dala 5,000, da ƙarin da zai iya kai 3,000 ga mai koyon harshen da gwamnati ke buƙata. Sharaɗinsa shi ne ɗalibi ya kasance yana karɓar tallafin Pell, wato na masu ƙaramin ƙarfi. Ana nema sau biyu a shekara, Oktoba da Maris. 'Ya'yan baƙi da iyayensu ke tuƙa tasi ko aikin kula da tsofaffi suna iya cika wannan sharaɗi ba su sani ba.

Tallafin Boren ya fi kauri: har dala 25,000 ga mai zaman mako 25 zuwa 52 yana koyon harshe a wata ƙasa, 12,500 ga mako 12 zuwa 24. Ba a zuwa Yammacin Turai ko Kanada ko Ostireliya ko New Zealand da shi. A madadinsa ɗalibi zai yi wa gwamnatin tarayya aikin shekara ɗaya a fannin da ya shafi tsaron ƙasa, kuma aikin Ma'aikatar Harkokin Waje yana cikin waɗanda ake ƙirgawa. A lura, jami'o'i da yawa suna da ranar rufewa tasu ta cikin gida, makonni kafin ta ƙasa baki ɗaya.

Sai CLS, tallafin koyon harsunan da gwamnati ke buƙata, kimanin mako takwas na koyon harshe a bazara, komai kyauta, da harsuna irin su Larabci da Sinanci da Farisanci da Swahili. A 2023 da 2024 Nuwamba aka rufe.

Nawa Pickering da Rangel suke bayarwa, kuma yana isa?

Har dala 42,000 a shekara, na shekara biyu: 24,000 kuɗin makaranta, 18,000 alawus na zangon karatu. A zagayen 2023 da 2024 kowannensu ya ɗauki mutum 45. Akwai kuma sanin makamar aiki sau biyu, na kimanin mako goma-goma, da alawus da masauki da kuɗin tafiya. Ɗan Rangel yana yin na farko a majalisar dokoki, ɗan Pickering a hedikwatar ma'aikatar, dukansu kuma suna yin na biyu a wani ofishin jakadancin Amurka a waje. Ana haɗa kowa da jami'in da ya daɗe a aiki don ya riƙa yi masa jagora.

Ko yana isa? Shi kaɗai, a manyan makarantu, ba ya isa. Kuɗin makaranta a Georgetown ko Columbia ko Johns Hopkins ko makarantar Fletcher ta Jami'ar Tufts ya haura dala 50,000 a shekara. Abin da ke cike giɓin shi ne, makarantu da dama sun ƙulla yarjejeniya da shirye-shiryen biyu, suna ƙara wa wanda aka zaɓa nasu tallafin, wasu su cike gaba ɗaya, wasu su rage kawai. Don haka bayan an zaɓe ka, rubuta wa ofishin kuɗi na kowace makarantar da ta ɗauke ka, ka nemi a rubuta maka adadin da za su ƙara na shekara biyun, ba ta farko kaɗai ba. Ka kwatanta takardun kafin ka amsa. Ga iyalin da ke gudun bashin karatu saboda riba, wannan wasiƙar ce take raba gardama. Makarantar da ba ta yi suna sosai ba amma ta cike kuɗin ta fi wadda za ta bar ka da bashin dala dubu talatin, tunda ofis ɗaya za ku shiga da albashi iri ɗaya.

Alawus ɗin 18,000 a birni irin New York ko Washington sai da tattali, kusan dole ka haɗa ɗaki da wani. Kuma hukumar haraji tana ɗaukar kuɗin masauki da abinci a matsayin kuɗin shiga, ko da ba a cire maka komai ba lokacin biya. Ka riƙa ware wani abu kafin Afrilu.

Digirin dole ya zama na shekara biyu, cikakken lokaci, a jami'ar Amurka, a fannin da ma'aikatar ta yarda da shi, kamar hulɗar ƙasa da ƙasa, tattalin arziƙi, tafiyar da mulki ko harsuna. Digirin lauya ba ya ciki.

Kyauta ce, ko akwai abin da ake biya daga baya?

Kwangila ce, kuma a nan muke so kowane iyali ya tsaya ya yi tunani. Wanda ya karɓi Pickering ko Rangel ko FAIT yana sa hannu cewa zai yi aiki shekara biyar aƙalla. Haɗa da shekara biyun karatu, shekara bakwai ke nan na rayuwarsa. Wanda ya fasa, ko makinsa ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, ko ya kasa cika sharuɗɗan shiga aiki, ana iya neman ya mayar da abin da aka kashe masa. Kuɗin makaranta da alawus kaɗai na iya kai dala 84,000.

Aikin kuma yana da sharaɗin da ake faɗa tun ranar farko: za ka tafi duk inda aka tura ka. Sabon jami'i yana rubuta wuraren da yake so, amma ma'aikata ce ke yanke hukunci a zagaye biyu na farko, kowanne kimanin shekara biyu. Galibi aƙalla shekara ɗaya a ciki aikin biza ne, mutum yana bayan gilashi yana ganawa da masu nema ɗaya bayan ɗaya, yana amincewa da wasu yana hana wasu. Akwai wuraren da ba a zuwa da iyali. Babban ɗa da ke kula da mahaifiya tsohuwa, ko budurwar da ake maganar aurenta da wanda aikinsa ba ya motsawa, su zauna da mutanen gida a yi maganar kafin a cika fom. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi: jakada yana kare manufar gwamnatin da ke kan mulki a bainar jama'a, ko ya yarda da ita ko bai yarda ba. Akwai hanyar cikin gida ta rubuta rashin amincewa, amma a waje bakinsa na gwamnati ne. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba, kada yawan kuɗin ya ja shi.

Ɗana yana da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin. Zai iya nema?

A'a. Duk shirye-shiryen da aka ambata na 'yan ƙasa ne, kuma sai mutum ya zama ɗan ƙasa a lokacin nema. Babu bambanci tsakanin wanda aka haifa a can da wanda ya samu daga baya.

Amma kafin ku fid da rai, ku duba wani abu. Dokar zama ɗan ƙasa ta yara ta 2000 ta ce yaron da bai kai 18 ba, yana da girin kad, yana zaune a Amurka a hannun uba ko uwar da ta zama 'yar ƙasa, shi ma ya zama ɗan ƙasa nan take. Akwai matasan da suka daɗe da zama 'yan ƙasa ta wannan hanya suna ta sabunta girin kad. Irin wannan yaro fasfo kawai zai nema, ko takardar shaida da fom N-600. Wanda ya wuce 18 kafin iyayensa su samu, sai ya cika N-400 da kansa bayan shekara biyar da girin kad, kuma aikin yana ɗaukar watanni. A lissafa lokacin tun da wuri.

Makin GPA nawa ake so? Idan an fara da rauni fa?

Ga Pickering da Rangel da FAIT, 3.2 cikin 4.0, jimillar duk karatun, a ranar nema. Ba a sassautawa, 3.19 ba ta wucewa.

Illar shekarar farko tana bin mutum fiye da yadda ɗalibai ke zato. Ɗauki wanda ya gama shekara biyu, kiredit 60, da 2.9. Zai nemi Pickering a Satumbar shekara ta huɗu, lokacin yana da kiredit 90. Don jimillar ta kai 3.2 yana buƙatar maki 288, yana da 174 a hannu, saura 114 a kiredit 30. Wato sai ya ci 3.8 a shekara ta uku, kusan A a kowane darasi. Abin da ya fi jawo wannan rami shi ne aikin dare na sa'o'i talatin a mako tare da cikakken karatu, ko kuma shiga layin likitanci don faranta wa iyaye, a sha kaye a kimiyyar sinadarai kafin a sauya fanni. In darasi ya gagara, janyewa kafin ranar da jami'a ta tsayar ta fi samun D. Wasu jami'o'i kuma suna barin a sake darasi sabon maki ya maye gurbin tsohon, sai a tambayi ofishin rajista.

Waɗanne takardu ake haɗawa, kuma ina aka fi yin tuntuɓe?

Ga Pickering da Rangel: shaidar zama ɗan ƙasa, takardun sakamako na duk makarantar gaba da sakandare da mutum ya taɓa shiga, wasiƙun shaida biyu, rubutun bayanin kai na kalmomi kimanin 600, rubutun bayanin buƙatar kuɗi na kimanin 400, da takardar da ke fitowa bayan cika fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya. Ana rufewa a Satumba. Waɗanda suka tsallake zagayen farko ana yi musu ganawa da jarrabawar rubutu mai ƙayyadadden lokaci, sakamako ya fito kafin ƙarshen shekara. Neman shiga digiri na biyu aiki ne daban da ɗalibi zai yi da kansa a daidai wannan lokaci.

Rubutun bayanin kai ne ke kayar da mutane. Yawanci suna cika shi da son tafiye-tafiye da son zaman lafiyar duniya, abin da ɗaruruwan masu nema suka rubuta. Masu zaɓe suna neman abin da ka yi da hannunka. Yarinyar da tun tana shekara goma sha biyu take yi wa maƙwabta tafinta a asibiti da ofishin gidaje, tana juya maganar likita zuwa Hausar da tsohuwa za ta gane ba tare da ta firgita ba, tana da labarin da ya fi ziyarar Faris. Ta faɗi abin da ya faru, matakin da ta ɗauka, da yadda aka ƙare. Sannan ta nuna ta san aikin: layuka biyar ne, na biza da kula da 'yan ƙasa, na tattalin arziƙi, na gudanarwa, na siyasa, da na hulɗa da jama'a. Ta zaɓi ɗaya ta faɗi dalili.

A rubutun buƙatar kuɗi kunya ce matsalar. Mun tashi da rufin asiri, ba a fallasa talaucin gida. Amma mai karantawa ba zai san abin da ba a rubuta ba. A sa lambobi: abin da gida ke samu, yawan waɗanda ke ci daga ciki, ƙanne nawa ke makaranta, kuɗin da ake aikawa gida duk wata, bashin da aka riga aka ci.

Wasiƙun shaida kuwa, a nema wata biyu kafin rufewa, daga malamin da ya san aikinka da kuma wanda ya ga yadda kake jagoranci a wajen aji. Wasiƙar babban mutum da bai san ka ba ba ta da amfani. Idan wasiƙa ɗaya ta makara, takardar gaba ɗaya ba ta cika ba.

Ina da fasfo ɗin Najeriya, danginmu kuma duk suna gida. Tantancewar tsaro za ta hana ni?

Riƙe ƙasa biyu ko samun dangi a waje ba ya hana mutum kai tsaye. Ana duba kowa da halinsa. Abin da ke hana mutane shi ne ɓoyewa, da kuma rikon sakainar kashi wajen cika fom.

Fom ɗin, wanda aka sani da SF-86, dogo ne. Yana neman duk inda ka zauna da inda ka yi aiki shekara goma baya, ba tare da giɓi ba, da wanda zai shaide ka a wuraren baya-bayan nan. Yana neman duk tafiyar da ka yi waje cikin shekara bakwai. Yana neman cikakken suna da ranar haihuwa da adireshi da wurin aikin iyaye da 'yan'uwa da surukai, har da 'yan uba, da ko wani cikinsu yana aiki da wata gwamnati ko soja. Yana neman baƙin da kake da alaƙa ta kusa da su mai ɗorewa. Yana tambaya ko kana da asusun banki ko fili ko gida a waje, ko ka taɓa tallafa wa wani baƙo da kuɗi, ko ka taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen wata ƙasa.

Ga ɗan gidan Hausawa wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Uba mai mata uku da 'ya'ya ashirin, wasu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Filin gado a bayan gari da ba a raba ba tukuna. Dala ɗari da ake tura wa gwaggo kowane azumi. Kawu da ke aikin kwastan. Duk waɗannan ana rubuta su, inda ba a san takamaiman rana ba a sa ƙiyasi a nuna ƙiyasi ne. Shawararmu ita ce ɗalibi ya buɗe littafi tun yana aji biyu: ranar fita da ranar dawowa ta kowace tafiya, tsofaffin adireshi, sunayen dangi yadda suke a takardunsu. Ya ajiye tsofaffin fasfo, kada ya yar. Ƙarya da gangan a wannan fom laifi ne da hukuncinsa ke iya kai ɗaurin shekara biyar, kuma mai bincike yana zuwa ya tambayi maƙwabta da abokan aiki.

Game da inda za a tura ka: yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta taƙaita kariyar jakadan da yake ɗan ƙasar da aka tura shi. Saboda haka mai riƙe da ƙasar Najeriya kada ya sa rai za a tura shi Abuja ko Legas.

Abubuwa uku da ba su da alaƙa da asali su ma suna kayar da matasa. Wiwi, wadda wasu jihohi suka halatta amma dokar tarayya ta haramta. Bashin da aka yi watsi da shi ko harajin da ba a cika ba. Da kuma rashin yin rajistar Selective Service, ta waɗanda za a iya kira aikin soja, wadda ta wajaba a kan namiji tsakanin shekara 18 da 25.

Mai sikila ko wata lalura mai ɗorewa fa?

Akwai gwajin lafiya. A da sai an tabbatar mutum zai iya zama ko'ina a duniya, ko da inda babu asibitin kirki. A 2023, bayan sulhu a wata doguwar shari'a, ma'aikatar ta sassauta ma'aunin shiga. Lalura ba ta rufe ƙofa kai tsaye yanzu, amma tana iya rage wuraren da za a tura mutum. A tanadi cikakken rahoton likita, a kuma faɗi gaskiya.

Jin Hausa yana ƙara wa mutum daraja?

Yana ƙarawa, in an iya ta da gaske. Hausa tana cikin harsunan da Boren ya fifita. Ma'aikatar tana gwada harshe da ma'aunin 0 zuwa 5, kuma mataki na 3 shi ne na iya aiki da harshen. Yaron da ya tashi a unguwar Bronx ta New York yana jin Hausar gida, ta gaisuwa da aike da faɗan uwa, sau da yawa yana tsayawa cak in aka ce ya bayyana kasafin kuɗi ko rikicin manoma da makiyaya, ko ya karanta sharhin jarida. Maganinsa sauraren labaran rediyon Hausa kullum, da karanta Aminiya da ƙarfi, da zama da dattawa ana muhawara.

Zuwa Kano ko Yamai da kuɗin gwamnati yana da wuya, domin waɗannan tallafi suna bin matakan gargaɗin tafiya na ma'aikatar. Gilman, alal misali, na ƙasashen da ke mataki na 1 ko na 2 ne, Najeriya kuwa ta daɗe a na 3. Kuma a sani, guraben aikin da ke buƙatar Hausa kaɗan ne. Wanda ya haɗa ta da Faransanci ko Larabci ya fi samun fili. 'Ya'yan mutanen Nijar da Kamaru da Chadi da suka taso da Faransanci a gida kada su bari ta zube.

Salla da azumi da hijabi, aikin zai bari?

Dokar haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa ma'aikatun tarayya su yi wa ma'aikaci sauƙi a kan addininsa matuƙar bai kawo cikas mai yawa ga aiki ba. Akwai Musulmi a aikin, akwai masu hijabi. Liyafa da giya a kan tebur wani ɓangare ne na aikin, amma ba a tilasta wa kowa sha. Abin da ya fi wuya shi ne zama a garin da babu masallaci kusa ko naman halal, shekara biyu, nesa da dangi ranar salla.

Samun tallafin yana nufin an samu aikin?

Ya kusa, amma da saura. Har yanzu sai ɗalibi ya ci jarrabawar baka ta shiga aikin, inda ake gwada shi da aikin rukuni da rubutu da ganawa. Sai ya samu takardar tsaro da ta lafiya, sai kuma kwamitin duba cancanta ya amince da halinsa. Bayan ya shiga, yana matsayin gwaji ne, dole a tabbatar da shi cikin shekara biyar, kuma iya wani harshen waje yana cikin sharuɗɗan tabbatarwar.

Mun ji an yi sauye-sauye a 2025. Shirye-shiryen suna nan?

Shekarar ta girgiza fannin. An rushe hukumar USAID, shirin Donald M. Payne da ke kai ɗalibai aiki a cikinta ya tafi tare da ita. A Yuli 2025 Ma'aikatar Harkokin Waje ta sallami ma'aikata sama da 1,300, aka kuma sake fasalin jarrabawar shiga aikin. Kuɗin waɗannan shirye-shirye daga majalisar dokoki yake fitowa shekara-shekara, don haka zagaye na iya jinkiri ko a rage yawan waɗanda ake ɗauka. Kafin ka tsara shekararka a kan ɗayansu, ka duba shafin shirin da kansa ka ga an buɗe zagayen bana, ka kuma je ofishin tallafin karatu na jami'arka. Maki mai kyau da harshe biyu da sanin makamar aiki suna da kasuwa a wasu wuraren ko da wannan ƙofa ta rufe na ɗan lokaci.

Wanda bai samu ba, shi ke nan?

Ana iya sake nema a shekara mai zuwa muddin ba a fara digiri na biyun ba. Kuma yawancin jakadun Amurka ba ta waɗannan shirye-shirye suka shiga ba. Duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 20 yana iya zama jarrabawar shiga, a naɗa shi in ya kai 21, kuma ba a gindaya wani takamaiman digiri ba.

Ni a Najeriya nake, ko Nijar. Akwai rabona a ciki?

A waɗannan, babu. Duk wanda ya ce zai sama maka gurbin Pickering ko Rangel in ka biya kuɗin fom, ɗan damfara ne: neman kyauta ne, kuma baƙo ba ya shiga. Ofisoshin jakadancin Amurka suna ɗaukar 'yan gari aiki, irin su tafinta da akanta da masu nazarin siyasa, amma wannan layi ne daban, ba ya mayar da mutum jakada.

Mai son wakiltar Najeriya hanyarsa ita ce digiri mai kyau, hidimar ƙasa, sannan neman shiga Ma'aikatar Harkokin Waje ta hannun Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya idan ta buɗe gurbi. Bayan an ɗauke shi ake tura shi makarantar horar da jami'an harkokin waje. Kuɗin digirin farko sai dai a nema daga hukumar tallafin karatu ta jiha ko ta tarayya kamar kowane ɗalibi. A Kamaru akwai cibiyar IRIC da ke Yawunde, wadda aka kafa a 1971, tana horar da jami'an jakadanci na Kamaru da na wasu ƙasashen Afirka, ana shiga da jarrabawa bayan digiri na farko.